Shari'ata da Mita

Ran Litinin na ciyar da ita dubu biyar,
kuɗin ɗinkin riga biyu da wando guda.
Ran Alhamis, kafin la'asar ta yi sanyi,
in dai la'asar na sanyi a Mabera,
ta buɗe jan idonta a jikin bango
tana tsuwa kamar ɗan tsakon da ya hango shirwa.

Na tara gida a gindin darbejiya,
na ce yau sai an fito da ɓarawo.
Hajo ta ce firji ne, robar ƙofarsa ta saki,
kwana yake nishi, ruwa bai ko ɗauki sanyi ba.
Modi ya sunkuyar da kai:
riga ɗaya yake gogewa sau uku a yini
saboda wata 'yar Arkilla da ba ta san yana yi ba.
Kulu ta nuna ƙwan zaure
da ke ci da azahar, yana taya rana aiki.
Ni ban ce uffan ba kan fankar ɗakina
da ke yi wa bango fifita
tun fitata shago har dawowata.

Inno na gefe tana tsinkar zogale.
Ta ce, "Mi kuka cewa? Wuta ta yi tsada?
Bazara saba'in niy yi garin ga,
wa yab ba ni mita?"

Ita ta sa aka jawo randa daga bayan madafa,
aka wanke, aka dasa gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi,
ta jefa saiwar jema, ta kifa faifai.
Ta ce a rufe taga tun hantsi,
zafi baƙo ne, in ka buɗe masa sai ya kwana.
A jiƙa tsohon zane a rataye a ƙofa.
Bayan isha'i a yayyafa wa tsakar gida ruwan wanki,
a baje tabarma, a ɗaura gidan sauro.

Na sayo roba a tsohuwar kasuwa, na gyara bakin firji.
Na canza ƙwai huɗu da farare masu cin kaɗan.
Guga ta koma ran Juma'a, da gawayi,
Modi na hura shi yana hararar kowa.
Ni kuma na koyi miƙa hannu ga makunni
kafin in sa takalmi.

Wata ya ƙare, mita ba ta yi kuka ba.
Na je majalisa a Gawon Nama ina fankama,
sai Malam Jatau ya kurɓi shayi, ya ce,
"Ka manta taransifoma ta ƙone kwana tara?"
Aka yi dariya. Gaskiya ce, ban musa ba.

Amma a kwana taran nan
babu wanda ya nemi mai janareta a gidana.
Mun kwanta a waje, Inno na nuna wa Kulu
kaza da 'ya'yanta a sama,
iska na tahowa a makare daga wajen Rima.
Tsakar dare na tashi, na zura moɗa a randa.
Ruwan ya sauka har ƙirji,
da ƙamshin ƙasa, da sanyin da ba a biya ba.