Minti Biyu da Rabi

Asabar da sassafe a Arequipa,
dutsen Misti bai tuɓe hular ƙanƙararsa ba
na sa rigata mai ratsin baƙi da fari,
usur a wuya, agogon awo a tafin hannu.
Ladan aikin, burodi da cuku da shayi mai sanyi.
Shekara talatin ina gyaran agogo a bakin kasuwa,
shi ya sa suka ce, "Don Eleuterio,
kai ka san nauyin daƙiƙa."

Teburi na huɗu nawa ne.
Baƙin layi a kan farin allo, lanƙwasa bakwai,
gada ɗaya, ƙwallaye uku da za a kai gida.
Doka kuwa ba ta da ƙani:
minti biyu da rabi,
wanda ya taɓa na'urarsa bayan usur ya zubar da maki.

Na ga iri-iri.
Wata ta yi ta juyi wuri guda kamar kazar da ta sha bugu,
wata ta miƙe ta faɗo daga teburi
ubanta ɗan shekara tara ya cafe ta a iska.
Iyaye a kan benci suna ta ihu da alƙalanci,
kowa gwani ne daga nesa.

Sai ga Nélida da Wílber.
Mutum-mutuminsu ɗaure da salatif,
taya ɗaya aro ce, waya tsirara a gefe,
sun raɗa masa suna Kunkuru.
Na busa.
Kunkuru ya shinshini layi, ya bi shi a hankali,
lanƙwasa ta fari, ta biyu, ta biyar,
ya hau gada yana rawar jiki irin ta tsoho,
na ji ina cewa "haka, haka" a cikin raina.
Ƙwallo ɗaya. Biyu. Uku!
Zaure ya ɗauka.

Na duba hannuna.
Sifili, sifili, sifili.
Ban danna ba.

Da na faɗi lamba, wa zai ƙaryata?
Minti biyu da goma, ta zo har bakin harshe.
Na haɗiye ta da ɗacinta,
na durƙusa, gwiwa tana ƙara,
na ce, "Laifina ne. Sai an sake."

Wílber ya ciji leɓe.
Aka sake.
Batir ya gaji, Kunkuru ya tsaya a tsakiyar gada
yana ƙyafta jar fitila, yana duban duniya.
Maki goma sha biyu. Ni na rubuta da hannuna.

Da yamma ina naɗe tabarmar teburi
Nélida ta dawo, Kunkuru a hammata.
Ba ta yi murmushi ba.
Ta ce, "In namu ya yi kuskure
muna rubutawa a littafi, mu gyara.
Kai kana da littafi?"
Na ce babu.
Ta yago takarda daga nata, ta ba ni, da guntun fensir.

Tana aljihun rigar har yanzu.
Layi ɗaya na rubuta:
danna tukuna, sannan ka yi kallo.
Baɗi teburi na huɗu nawa ne,
in sun yarda.