Mai Ɗanɗanon Shayi a Kujerar Likita

Shekara talatin da ɗaya ina kurɓa ina furzarwa.
A Kurseong, inda gajimare ke shigowa ta taga ba sallama,
ni ke yanke wa ganyen shayi daraja kafin ya sauka daga dutse.
Finjali saba'in kafin rana ta take.
Harshe ne jarina. Haƙora kuwa 'yan rakiya,
ban taɓa tambayar su yadda suka kwana ba.

Sai ran da na ga jini a buroshi,
ja kamar shayin da aka manta a wuta.

Yarinyar asibitin, Ongmit Lepcha,
uwarta ta yi shekaru tana tsinkar ganye a gonarmu.
Ta leƙa bakina da ɗan madubi, ta yi jim,
ta ce, "Baba Padam, ka yi gini a nan.
Dutse ne ya kwanta a gindin dasashi,
buroshi ba zai iya da shi ba, ko ka goga har ka tsufa."
Na ce ai na riga na tsufa.

Ta ɗauko wani tsinken ƙarfe mai igiya.
Wai rawa yake, rawar da ido ba ya kamawa,
da amon da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam.
To, ni dai na ji wani abu:
kukan sauro a cikin ƙashin kaina,
ruwa na feshi, bututu na zuƙewa,
ɓarɓashi na faɗowa a harshena
kamar tsakin fasasshen finjali.
Ko a nan sana'a ba ta bar ni ba,
na ɗanɗana shi. Alli, da tsatsa, da kakar bara.

Na fito. Iskar Kanchenjunga ta same ni ina hamma,
ta bi ta haƙorin ƙasa ta soke ni har ƙeya.
Na dafe kunci a bakin layin dogo,
ƙaramin jirgin ya wuce, yara na ɗago mini hannu,
na kasa yi musu murmushi.

Ta faɗa mini ai: wuyan haƙori ya saba da mayafi,
ko da mayafin ƙazanta ne.
An yaye, dole ya ji sanyi.
Kwana kaɗan. Ruwan ɗumi. Buroshi mai laushi,
da man da ta ba ni, a shafa da yatsa a kwanta.

Kwana biyar ina jiran finjali ya huce
kamar sabon shiga.
Dawa, yaron da nake koya wa aiki, yana satar kallona.
Harshena kuwa ya tare a bayan haƙora,
yana zagaya tagogin da bai san da su ba.

Ran na shida na kurɓi farkon tsinka da zafinsa.
Shayin ya ratsa ta tagogin nan yana fito.
Zogin ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya.
Na riƙe kurɓin fiye da ƙa'ida.
Dawa ya miƙo kwanon furzarwa.
Na haɗiye.