Giram Ɗari Tara da Tamanin

Matakala ɗari da sittin da biyu
daga bakin tasha zuwa ƙofar Doña Eduvigis.
Da gwiwa na ƙirga su.
Mazaunin Valparaíso ya san nauyin duk abin da ya mallaka,
har makullin ɗakinsa.

Shekara tara ina bin tsofaffi gida-gida,
jakar awon jini a dama,
a hagu wata kwamfuta mai nauyin jaririn wata biyu.
Kafaɗar nan ta saba, ta karkace.
Ranar da kwamfutar ta mutu
ko uffan ban ce ba.

Sabuwar, Evaristo ya kai ta rumfar mai kifi,
ya ɗora a sikeli don in gani da idona:
giram ɗari tara da tamanin.
Kifin da ke gefe ya fi ta.
Ya kife ta, ya kwance kusoshi bakwai,
ƙanana kamar tsabar riɗi.
Duba, Leontina, in ji shi,
ƙwaƙwalwarta an liƙe da darma,
da abin da ta zo duniya da shi za ta tsufa.
Na ce to, mu ma haka.

Linuks na ce ya sa mini.
Allo ya kama, madannai suka amsa,
sauti ya fito ta lasifika ɗaya, washegari ɗayar ta biyo.
Wayfai ya yi kwana biyu yana taurin kai
kafin ya sauko.
Mai karanta zanen yatsa har yau bai san ni ba,
na yafe masa.

Barcin ne ya gagara.
In na rufe murfin sai ta yi lamo,
ido a rufe, ciki yana gudu.
Kafin in kai ƙarshen matakala
jakata ta ɗau zafi kamar an sa burodin safe,
fanka tana haki, ni ma ina haki,
batir saura kashi goma sha ɗaya,
ga gidaje huɗu a gabana.

Doña Eduvigis ba ta runtsa ba
tun damunar da aka tafi da gadon mijinta.
Dare yakan same ta a taga
tana ƙirga fitilun jiragen dakon kaya.
Da na yi mata ƙorafi sai ta miƙo hannu.
Ba ni ita nan.
Ta ɗora ta bisa gwiwoyinta masu sanyi,
ta lulluɓe da mayafin ulu,
ta ce, wannan irina ce,
an ce ta kwanta, ta ce to, ba ta kwanta ba.

Wata uku muka yi a haka.
Ina awon jini, ina rubutu a takarda,
ita tana jin ɗumi.
Ban gaya wa Evaristo ba.

Shi da kansa ya tare ni ran wata Laraba,
gilashi a goshi, yana murmushin wanda ya tsinci dami a kala.
Sabuwar cibiya ta fito, ya ce,
da layi ɗaya da zan ƙara wajen tayarwa.
Kafin shayina ya huce ya gama.
Na rufe, ta yi barci.
Na buɗe, ta farka daidai inda na bar ta,
a tsakiyar sunan wani.

Da safe na hau tudu, jakar sanyi ƙalau,
batir tamanin da tara.
Tsohuwar ta zura hannu ta shafa murfin,
ta daɗe tana shafawa.
Me kuka ba ta? ta ce.
Ba za ku sammini ba?

Na shiga kicin na ɗora ruwa.
Kwalbar roba ta ɗumama gado tana bayan ƙofa,
ta yi ƙura, marfinta yana ɗiga.
Gobe zan hawo da sabuwa.
In an cika ta, ta fi kilo biyu.