Canjin Jirgi a Idu

Bakwai saura kwata
jirgin Kubwa ya furzar da mu a Idu
kamar ƙwallon goruba da aka gama gwaguya.
Masu akwati sun nufi ɓangaren Kaduna,
ni da fayil ɗina a hammata
muna jiran wanda zai shiga gari.

Shekara talatin da biyar ina masinja.
Nakan san takarda tun ba a buɗe ta ba:
ta kwangila ƙamshin turare take,
ta neman hutun jinya duk shatin yatsu.
Na kai ta wasu hawa na tara, a ƙafa,
ranar da lifta ta ƙi tashi.
Yau tawa ce ta ɓace
tsakanin tebur biyu
da ba su fi taku huɗu ba.

Lasifika ta yi magana, rufin ya haɗiye rabi.
Wani mai kwat yana cin ƙosai a sunkuye
don kada mai ya ɗiga a wuyan rigarsa.
Lantana mai shara ta zo ta ƙarƙashin benci,
na ɗaga ƙafa.
Ta ce, Baba Jatau, har yanzu?
Na ce, har yanzu.
Ta wuce da tsintsiyarta, ba ta ƙara ba,
Allah ya saka mata.

Nan ba gidan kowa ba ne.
Ba a zuwa Idu don Idu,
sauka ake yi don a sake hawa,
kamar fayil ɗin nan nawa:
daga akanta zuwa odita,
daga odita zuwa wanda ya tafi taro,
daga shi zuwa Litinin.

Wata yarinya ta zauna kusa da ni,
takalminta sabo, yana cizon dunduniya.
Ambulan a cinyarta, ta dafe shi da hannu biyu
kamar mai riƙon ƙwai a kasuwa.
Ta ce, Baba, in na sauka, ina ne Sakatariya?
Yau zan fara.

Na buɗe baki.
Akwai abin faɗa, ya kai buhu.
Sai na ga yadda take duba agogo,
na tuna wani yaro mai wando kaki
da ya goge takalminsa da ɓawon ayaba
a wata safiya irin wannan.

Na ce, ki biyo ni, hanyarmu ɗaya.
Amma takardar nan, ki buga kwafi uku.
Ɗaya ki ba su,
ɗaya ki ajiye a jaka,
ɗaya ki kai wa mahaifiyarki ta sa a ƙasan adaka.

Ƙarfen dogo ya fara rawa.
Ta miƙe kafin ni, ta tsaya,
ta karɓi fayil ɗina
don in samu hannun kama sanda.