Dashe

Ruwan batir ne, ranar Laraba,
a rumfata ta Ƙofar Ƙwaya.
Murfi ya yi tsalle,
idon hagu ya sha rabonsa.

Shekara uku ke nan yana fari fat,
kamar ƙwan fitilar da ba a gogewa.
In zan tsallaka titi
sai na juya wuya duka, kamar zakara.

Likita Turai ta zana mini a bayan kati.
A gefen baƙin ido, in ji ta, akwai iri,
ƙwayar gero ma ta fi shi girma.
Na hagu ya ƙone.
Za a gutsuro a na dama,
a rene shi cikin faranti har ya yaɗu,
a shimfiɗa wa majinyacin.

Na yi dariya. Ai dashe ne!
A Batagarawa haka Baba yake yi:
ya ciro inda gero ya cunkushe,
ya kai gurbin da shuka ta mutu,
ya danna da diddige, ya dubi gabas.

Ta ce ba kowanne ke kamawa ba.
Na ce nasa ma haka.

Daren jiya na dafa na dama,
na ce, ɗan'uwanka na roƙon iri,
kuma ba zai biya ba.
Bai ce komai ba.
Ƙwalla dai ya kawo.