Ƙara Mini Haske

Shagona yana Agege, gefen layin dogo,
inda jirgi ke girgiza hotunan bango in ya wuce.
Shekara sha ɗaya ina ɗaukar fuskoki,
magana ɗaya ce ke riga sallama shigowa:
"Mai hoto, ƙara mini haske."

Tsallaken titi akwai wata mace a allon talla,
tsawonta ya kai bene uku,
fata kamar ɓararren ƙwai,
gashi na zuba, bai san hannun makitsiya ba.
Ba ta gumi. Hayaƙin danfo ba ya kama ta.
Ba ta taɓa kwana a cunkoson Oshodi ba,
amma ita ke faɗa wa unguwarmu abin da ake kira kyau,
da kwalba a hannu, da murmushin da wani ya goge
a kwamfuta irin tawa.
Na san aikin. Shi ke ciyar da ni.

Jiya Tasalla ta zo hoton neman aiki,
wai wani otal a Lekki na son mai tarbar baƙi.
Na san ta tun tana tallar gyaɗa,
baƙa mai sheƙi kamar ƙwayar ido.
Yanzu kumatu sun yi ja, kamar an ɗosana musu garwashi,
korayen jijiyoyi sun fito a wuya.
Gaɓoɓin yatsu kaɗai suka ƙi miƙa wuya,
suna nan da launin kakarta, tsaye kamar shaidu.
Ta tura su cikin mayafi.
"Mai haske suka ce suna so."
Ba ta dube ni ba.

Me zan ce? In jefa mata karin magana,
kayan aro ba ya rufe katara?
To kuɗin haya fa, me ke rufe shi?
Na ja linzami, na ƙara, na ƙara,
har fuskar ta daina zama ta kowa.
Ta biya. Har da godiya.

Da magariba Uwani, autata, 'yar shekara shida,
ta hau kujerar, ta gyara ɗankwali,
ta ce, "Baba, ɗauke ni. Ka ƙara mini..."

Sai aka ɗauke wuta.

Matar tsallake ta ɓace, janareto bai tashi ba tukuna.
Muka zauna cikin duhu, ni da ita,
ina jin numfashinta,
ina roƙon kada wutar ta dawo
sai na sami abin faɗa.