Adda Uku a Kan Kututture

Ni ce mai ƙauri ta bakin tashar Mirya.
Tun kafin ladan ya yi gyaran murya
nake kan kututturen gawo ina sara,
ƙafar sa ba ta san lallashi ba, sai ƙarfi.

Adda uku gare ni. Ku matso ku gani.
Ta fari a Kasuwar Dole na saye ta,
jika biyu, naɗe cikin leda,
fara sol, har haƙorina na duba a jikinta,
an buga mata hatimi da baƙon harafi.

Ran farko ta aske gashin hannun Ilu,
yaron da ke yi mini babbaka.
Ya ce, "Inna, wannan ko iska sai ta yanka!"
Yaran tasha suka taru suna tafi.

Kofato shida ta sara. A na bakwai
na ji ƙas! kuma ba daga ƙashi ba.
Na ɗaga ta ga fitila, baki ya yi giɓi
kamar wadda ta tauna tsakuwa a shinkafa.
Shafa uku a dutse, kaifi ya dawo,
sara uku kuma, ya tafi.

Ba na zaginta. Albasa take yanka mini yanzu.
Wanda aka aza wa kayan da ba nasa ba
in ya durƙusa ba shi da laifi.

Ta biyu Kalla ya ƙera, can bayan Birni,
da sifirin wata tsohuwar motar Agadas
da ta gaji da rairayi ta kwanta.
Kwana biyu masaba na faɗa da uwar maƙera,
zugazugi na huci, gawayi ya yi ja,
ya tsoma ta cikin baƙin mai tana zafi.

Baƙa ce, mummuna, ƙotar aduwa ɗaure da waya,
ga nauyi kamar bashin biki.
Amma in ta sauka sau ɗaya take magana:
ƙashi ya rabe biyu, ɓargo na zaune bai watse ba,
kututture ya karɓi saura a zurfi.

Wasinta fa, nan ake yin ta.
Daga la'asar har kiran magariba
ina durƙushe kan dutsen da na tsinto gindin tsauni,
in ja, in tura, in juya, in yi tofi.

Kafaɗa na kuka, ita ko gezau.
Sai can ta yarda. In ta yarda kuwa,
Laraba zuwa Laraba ba ta neman ƙari.
Kalla ya ce ruwan ƙarfe ne, Ilu ya ce tsafi.

Ta uku ta Baba ce, Nomau mahauci.
A da faɗinta ya rufe yatsu huɗu.
Shekara arba'in dutse na lasarta,
yau ta rame kamar ƙayar kifi.

Ba ta iya ƙashi, ta daina tun ina budurwa.
Amma jijiyar nan da ke laɓewa a gaɓa,
wadda baƙar ke dakawa, farar ke zamewa,
ita takan bi ta a hankali, shiru,
yadda ruwa ya san hanyarsa a rafi.

Jiya wani direba, yana tsotsar ɓargo,
ya ce, "Tsahara, duk Damagaram ke kika san adda,
cikin ukun nan wace ta fi?"

Na ce, sha romonka kar ya huce.
Na jawo dutsen na nuna masa:
tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi,
har ruwa kan kwana ciki in an yi yayyafi.

Su uku sun ci shi, shi ma ya ci su,
ni da ke tsakaninsu, dubi yatsuna.
Ba a samun baki sai an rage jiki,
haka na ga ana biyan kuɗin kaifi.

Ya ajiye dala ɗari, motarsa ta cika.
Ilu ya kawo ƙafa huɗu da sauran hayaƙi.
Na ɗauki baƙar, na gwada ta a farce,
na ce bismilla.
Tukunya na can tana jira, ba marufi.